Kek ɗin Barshumi na Alhaji Abdulbaƙi

Mijin yayata, Alhaji Abdulbaƙi, babu abin da bai iya ba a duniyar nan, in dai daga bakinsa za ka ji. Direban bas ne a tashar Kudai da ke Makka, yana jigilar masu Umra, amma in ya miƙe ƙafa ya fara ba da labari sai ka rantse shi ya koya wa likitoci allura, shi ya nuna wa magina yadda ake ɗora bulo. Ni ce Lailatu, ƙanwar matarsa Ɗaso. Ina zaune a hawan da ke saman nasu, a gidan hayar da muka koma bayan an rushe mana unguwa a Nakkasa, kuma tun ranar da ya auri yayata na ɗauki aikin ƙaryata shi. Ban taɓa gajiya ba, shi ma bai taɓa dainawa ba.

Bana, a tsakiyar zafin nan da ke sa takalmin roba ya manne da kwalta, 'yarsu Manal ta samu manemi. Fahad sunansa, yaro mai hankali, yana aiki a wani otal a Jarwal. Manal na son sa, so na gaske, irin wanda in an ambaci sunansa tana kicin sai albasa ta ƙone. Matsalar ɗaya ce, uwarsa Hajiya Samah. A nan, kafin maza su zauna maganar aure sai uwar yaro ta zo ta ga yarinya da gidansu, ta sha gahawa, ta ci abin da aka toya, ta tafi. In ta ce ta yarda, shi ke nan. In ta yi shiru, an gama. Hajiya Samah kuwa ta yi shiru a gidaje da dama, har an ce akwai inda ta fasa don kofin gahawa ya zo mata da ɗigo a gindi. Fahad ba ya ƙetare maganarta ko da wasa.

Aka sa ranar Alhamis bayan La'asar. Ɗaso ta tsara komai cikin natsuwa. Lokacin ɗanyen dabino ne, za ta cusa shi a ƙullun alkama ta gasa ma'amul, ta matse inabi, ta yanka kokwamba da tumatir, ta ƙona turare. Abu kaɗan mai tsabta, in ji ta, ya fi tarkace.

Ranar Laraba Alhaji ya kai baƙi Ɗa'ifa, garin nan na kan dutse inda kayan marmari ke fitowa. Ya dawo da rana tsaka yana haki, da kwalaye a kafaɗa, na rumman ɗaya, sauran duk barshumi. Wanda bai san barshumi ba, 'ya'yan wani tsiro ne mai faffaɗan ganye, girmansu kamar ƙwan agwagwa, cikinsu zaƙi da sanyi, bayansu kuma lulluɓe da wasu mitsi-mitsin ƙayoyi da ido ba ya gani sai fata ta ba da labari. Shi ya sa masu sayarwa a bakin hanya ke sa safar hannu mai kauri su ɓare maka a wurin, ka karɓi tsokar kawai ka yi gaba. Kowa a Makka haka yake saya. Alhaji ya ce shi ya hana mai sayarwar ɓarewa, don yaron bai iya riƙe wuƙa ba.

Ya dire kwalayen ya sanar da mu cewa gobe zai yi kek na barshumi mai hawa uku, wanda ba a taɓa ganin irinsa ba daga Kudai har Jidda. Ya ce ma'amul abincin kowa da kowa ne, mace irin Hajiya Samah sai an gigita ta.

Na tambaye shi yaushe ya taɓa kunna tanda.

"Ke tsaya can, uwar musu," in ji shi. "Kafin a haife ki ina toya wa alhazai a Mina."

"Ruwan zafi kake kai musu, Alhaji. Yaya ta faɗa min."

"Ruwan zafin shi ke dafa kansa?"

Manal ta roƙe shi da Larabci da Hausa, ta ce Allah ya bar mata shi, ya bar wa Mama girkin. Ya shafa kanta ya ce ta kwantar da hankali, ubanta da ya yi wasa a cikin ƙarangiya a Damagaram ba ƙayar Larabawa ce za ta tsorata shi ba. Ɗaso ta ci gaba da aikinta. Ta daɗe da gano cewa musu taki ne ga mijinta, ta yi fatan in an ƙyale shi zai manta. Muka ɗauki abayoyinmu muka tafi kasuwa neman rigar da Manal za ta sa.

Abin da ya yi a bayanmu, sai daga baya muka sani. Majalisin baƙi ne kaɗai ɗakin da mukayyif ɗinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke sanyi sosai a gidan, sauran sai ƙara. Alhaji ya ga kada zafi ya lalata masa kaya, sai ya kwashe kwalayen ya kai can, ya juye barshumin a kan darduma don su sha iska. Suka fara gangarawa, ya janyo matasan kujera ya tare su. Ya ga sun yi ƙura, ya ɗauko sababbin ƙananan tawul da Ɗaso ta ajiye don baƙi, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya ninke tawul ɗin tsaf ya mayar. Kafin mu dawo ya tattara kayansa ya kai kicin, ya jera matasan yadda suke. Muka leƙa muka ga ɗaki fes, Ɗaso ta rufe ƙofa ta ce kada wanda ya ƙara shiga sai baƙi sun zo.

Da safe na sauko na tarar da shi tsaye a kicin, hannuwa a sama kamar mai addu'a, yatsun sun kumbura sun yi jawur. Na tambaye shi lafiya. Ya ce lafiya lau, haka ƙwararru ke shanya hannu kafin su taɓa ƙullu. Ya sa Manal ta zura masa safar ƙafa a kowane hannu, ya kama wuƙa da ƙyar, ya shiga ɓara. Rabin barshumin ya tafi da ɓawo, rabin ya tsallaka ƙasa.

Wanda ya samu ya zuba a injin markaɗen Ɗaso. Barshumi kuwa cike yake da ƙwayoyi masu taurin tsakuwa. Injin ya yi kuka, ya yi tari, ya fitar da wani wari, ya yi shiru har abada. Alhaji ya ce dama injin ƙarya ne, kakanninmu da turmi suka ci duniya. Ya sauka wurin maƙwabcinmu Mukhtaru tela ya aro turmi da taɓarya, ya kafa a bakin matattakala don kicin ya yi masa kaɗan. Bugun farko, jan ruwa ya yi tsalle ya wanke masa farar riga daga wuya har gwiwa. Matar Mukhtaru ta buɗe ƙofa ta gan shi jina-jina da taɓarya a hannu, ta saki salati ta koma da gudu tana kiran mijinta ya nemo motar asibiti.

Mukhtaru ya fito da almakashi a hannu, ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi wa ya kashe. Alhaji ya ce kek yake yi. Mukhtaru ya ce to Allah ya jiƙan kek ɗin.

Alhaji ya haɗa ƙullu a babbar robar wanki. Fulawa, ƙwai, sukari, jan ruwan da ƙwayoyinsa duka, don ya ce tacewa ɓarna ce, ƙarfin abin yana cikin ƙwayar. Ya zuba hodar kek, ya duba bai gamsu ba, ya juye yis ɗin da Ɗaso ke yin funkaso da shi, duk gwangwanin. Hawa uku yake so, in ji shi, ba tabarma ba.

A lokacin ma'amul ɗin Ɗaso na cikin tanda, sun fara yin ja a gefe. Ta fita shanya, ya buɗe ya fitar da su ya zura nasa, ya murɗa wuta har ƙarshe. Wutar ta yi fur-fur ta mutu. Gas ya ƙare, mai kawo tukunyar gas kuma ya ce sai yamma. Ɗaso ta dawo ta tsaya a kan farantinta na ma'amul rabin gasuwa, ta dube su, ta dubi mijinta. Wallahi na tausaya mata. Ta kwashe su a hankali ta hau sama wurina, muka ƙarasa su a 'yar tandata mai cin guda shida-shida, tana aiki hawaye na sauka.

Alhaji bai ga komai ba. Ya mayar da ƙullun cikin roba, ya ɗora a ka, ya nufi gidan burodin tamis da ke bakin layi. Tamis burodi ne mai faɗi da ake mannawa a jikin bangon tanderu. Na tsaya a taga ina kallo, don irin wannan ba a ba ni labari. Bai kai rabin layi ba rana ta samu yis ɗin. Ƙullu ya fara tashi, ya leƙo bakin roba, ya gangaro ta kunnensa, ya bi wuyansa. Yana tafe yana tare shi da hannu mai safar ƙafa, kuliyoyin unguwa na biye da shi suna lasar abin da ya ɗiga. Dattawan da ke zaune a inuwar masallaci suka yi masa sannu da aiki. Ɗaya ya tambaye shi ko fenti ya koma, wani ya ce a'a, siminti ne, Alhaji zai ƙara hawa a gidan haya.

Mai tamis ya ce tanderunsa ba na kek ba ne. Alhaji ya ce tanderu tanderu ne, shi ya taɓa gyara wanda ya fi wannan girma a Madina. Kafin mutumin ya juya, ya damƙo ƙullu ya maka a bango. Ƙullun ya tsaya ɗan lokaci kamar mai shawara, sannan ya sulale ya faɗa kan wuta. Hayaƙi mai warin ƙonannen sukari ya turnuƙe shagon, burodin da ke ciki ya yi baƙi, masu layi suka watse suna tari suna zagi da harsuna kala-kala. Mai tamis ya rako shi har titi da dogon ƙarfen da yake ciro burodi.

Da wani ne da ya haƙura. Alhaji ya tsaya a titi, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce ai babu tandar da ta kai ta Allah. Ya wuce Kudai inda ya ajiye bas ɗinsa, ya zuba sauran ƙullun a faranti, ya ɗora a gaban motar ƙarƙashin gilashi, ya rufe ƙofofi. Direbobi suka taru suna leƙe. Ya zauna a inuwa yana yi musu bayanin cewa haka manyan otal ke yi a ɓoye. Bayan Azahar ya dawo gida da abin a hannu. Samansa ya bushe ya tsage, cikinsa na motsi in an girgiza, launinsa kamar hanta. Hawa ɗaya ne, shi ma ya karkace. Ya fasa rumman ya yayyafa a kai ya ce a duba kyau.

Ɗaso ta ce wannan abin ba zai ga baƙonta ba, ta tura shi bayan tukwane. Sannan ta tuna masa cewa zaman mata ne, namiji ba ya gida. Ya ce to, ya ɗauki hularsa ya fita. Ashe da muka shiga ɗaki shirya Manal ya lallaɓo ya dawo, ya shige kicin ya maƙale a lungun firiji.

Hajiya Samah ta iso da ƙanwarta Raihana, ƙamshinsu ya riga su hawa matattakala. Doguwa ce, ba ta dariya, zobe a kowane yatsa. Iyayenta Hausawa ne kamar namu, amma da na gaishe ta da Hausa sai ta amsa da Larabci, ta nuna ita a Jarwal aka haife ta, ba ta jin wannan yaren. Muka buɗe majalisi, suka cire abaya, suka zauna da rigunansu marasa kauri, suka jingina da matasai. Ɗaso ta miƙa musu tawul mai sanyi, suka goge fuska da wuya da hannuwa. Mu ma muka zauna.

Ni na fara ji, a cinya. Na ɗauka tururuwa ce, na gyara zama, abin ya ƙaru. Na saci kallon Ɗaso na ga tana murmushi amma idonta ya yi ja. Raihana ta ɗaga kafaɗa ɗaya ta sauke, ta ɗaga ɗayar. Hajiya Samah na bayani kan zafin bana, tana magana tana ɗan goga bayanta da matashi a hankali, matashin kuma na ƙara mata. Babu wadda ta yarda ta sosa. Mata huɗu manya, kowa na mutsu-mutsu, kowa na cewa masha Allah, gida ya yi kyau.

Sai ga Manal ta shigo da butar gahawa da faranti, ƙafa ba takalmi. Takunta na farko a dardumar na ga fuskarta ta canza. Ba ta tsaya ba. Ta taka har gaban Hajiya, ta durƙusa a kan gwiwa, a kan ƙayar, ta zuba gahawa ba tare da ko ɗigo ya zuba ba. Zuciyata ta karye, don na ga yadda take cije leɓe. A farantin kuma, a tsakiyar ma'amul, ga wani yanki mai launin hanta da rumman a kai. Alhaji ya ɗora shi lokacin da ta juya ɗaukar kofuna, ita kuma idonta na kan buta ba ta lura ba.

Hajiya ta ga abin da ba ta sani ba, ta ɗauka ta kai baki. Muka ji ƙaras. Ta tsaya cak, ta dafe muƙamuƙi, ta ɗauki tawul ta goge leɓe, tawul ɗin ya ba ta nasa rabon. A nan Larabci ya ƙare.

"Wayyo ni Allah! Mi na na ga cikin gidan ga?"

Sakkwatanci tsantsa, irin na tsofaffi. Raihana ta miƙe tana sosa ko'ina ba kunya, Ɗaso ta ɗaga matashi ta kai wa hasken taga, muka ga ƙayoyin suna ƙyalli kamar ƙaiƙayi. Hajiya ta tsaya, fuska duk ta yi ruɗu-ruɗu, ta miƙa hannu a ba ta abayarta. Ta tambaya, da muryar da ba ta ɗagawa, wane ne ya shimfiɗa wa baƙi ƙaya kuma ya ba su tsakuwa.

Ɗaso ta ajiye matashin. Ni kuwa na ja numfashi zan tona asiri, sai Manal ta riga ni. Tana durƙushe, kanta a ƙasa, ta ce ita ce. Ita ta ajiye barshumi a ɗakin, ita ta yi kek ɗin, a yafe mata. Ta san abin da maganar za ta jawo mata, amma ta faɗa har ƙarshe. Hajiya ta ce to, ta fara saka abaya.

Sai muka ji tukunya ta faɗi a kicin, murya ta taso daga bayan ƙofa.

"Ƙarya take yi, Hajiya. Ni ne."

Hajiya ta ja mayafi ta tambaya wane ne wannan. Na ce mai gidan ne, wanda ba ya gida.

"Ni na sayo, ni na baza a darduma, ni na goge da tawul," in ji ƙofar. "Kek ɗin ma nawa ne daga farko har ƙarshe. Yarinyar nan roƙona ta yi in bari, ban ji ba. Ta iya girki, uwarta ta koya mata. Ni ne ban iya komai ba."

Shekara da shekaru ina jiran in ji wannan kalma daga bakin Alhaji Abdulbaƙi. Da ta zo, sai na ji ba daɗi, har ƙwalla ta cika min ido.

Hajiya ta dakata, hannu ɗaya cikin abaya. Ta dubi ƙofar, ta dubi Manal da gwiwoyinta. Ta tambayi ƙofar a ina aka gasa abin, don ita ba ta taɓa cin kek mai warin taya ba. Ƙofar ta ce a gaban bas, a Kudai. Raihana ta fashe da dariya har ta zauna a kan matashin ta sake zabura. Hajiya ba ta yi dariya ba, amma ta zare hannun daga abayar ta ce a kawo matsefata a cire ƙaya.

Muka koma ɗakin Ɗaso muka zauna a kan tayil. Ni ina cire wa Raihana, Ɗaso na cire wa Hajiya a wuya, Hajiya kuma ta janyo ƙafar Manal ta ɗora a cinyarta tana tsince mata da kanta, tana mita da Hausar da ta ce ba ta ji. Ta ci ma'amul ta ƙara, ba ta ce ya yi daɗi ba, ba ta ce za ta kira ba. Manal ta kasa ɗaga ido. Alhaji na bakin ƙofa ta waje, ya turo kumburarrun hannuwansa ta 'yar kafa ko wani zai tausaya, ba wanda ya kula. Can ya yi gyaran murya ya ce, in Allah ya sa abin ya yiwu, yana da wata dabara ta mangwaron Jizan da za ta dace da taro.

Hajiya ta ciro ƙaya ɗaya daga diddigen Manal, ta duba ta, ta yar. Ba ta ko waiwayi ƙofar ba, Ɗaso ta yi wa magana.

"Ki faɗa wa mijinki maza za su zo mako mai zuwa. Amma ni zan sa ranar biki, kuma sai na bincika watan da babu itacen da ke 'ya'ya a ƙasar nan."

Manal ta kifa fuska a cinyar Hajiya tana kuka, Hajiya ta ce ta tsaya tsaf, akwai saura a ɗan yatsa.